Taimako Ko Karɓe Aiki: Nazari a Kan Yadda Ake Tallafa wa Ɗalibai da Jingar Tarihi da Adabi

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi irin taimakon da ɗalibin sakandare a ƙasar Hausa yake samu idan ya koma gida da jingar tarihi ko ta adabi, daga iyaye da yayye, ko malamin lesin, ko wayar hannu. Hanyar da aka bi ita ce ta ƙalailaice tambayoyi. An ɗauki tambayoyi uku irin waɗanda malamai suka saba bayarwa, ɗaya a kan Bayajida, ɗaya a kan jihadin 1804, ɗaya kuma a kan littafin Shaihu Umar, aka auna abin da kowane salon taimako yake bar wa ɗalibi bayan mai taimakon ya tashi. An ɗora nazarin a kan ra'in Vygotsky da binciken Wood da abokan aikinsa da na Wineburg, tare da abin da Zarnuji da Ibnu Khaldun suka bayyana game da koyo. Matsayin maƙalar shi ne, a waɗannan darussa iya kafa hujja shi ne abin da ake koyo, saboda haka wanda ya miƙa wa yaro amsa ya ɗauke masa darasin ne ɗungurungum, ko da kuwa amsar daidai ce.

1.0 Gabatarwa

Duk malamin da ya taɓa zama da tarin littattafan jinga yana ba da maki ya san wannan: za ka buɗe littafi na farko ka karanta amsa, ka buɗe na biyar ka tarar da ita, ka buɗe na goma sha biyu ka sake tarar da ita, har da kuskuren rubutun da ke layi na uku. Wani lokaci kuma ka ci karo da amsa mai tsabta, da Ingilishi wanda ya fi na malamin kansa, a littafin yaron da jiya ya kasa haɗa jimla biyu a kan allo. A duka biyun an taimaki yaron. Tambayar da wannan maƙala ta sa a gaba ita ce: wane irin taimako ne wannan, kuma me ya ƙara wa wanda aka yi wa?

Abin da ake nufi da darussan fasaha a nan shi ne waɗanda suka shafi ɗan'adam da maganarsa da abin da ya bari: tarihi, adabi, harshe, addini, da tsarin mulki. Su ne ɗalibai ke kira darussan 'yan ajin at. An taƙaita misalai a kan tarihi da adabin Hausa, domin a cikinsu ne bambancin da ake son nunawa ya fi fitowa fili. A lissafi, idan yaya ya yi wa ƙanensa aiki, amsa ɗaya ce, kuma malami na iya sauya lambobi gobe asirin ya tonu. A tarihi da adabi tambaya guda na iya ɗaukar amsoshi uku, kowacce da gindinta, kuma abin da ya raba ɗalibi mai fahimta da mai kwafi shi ne ko ya san inda amsarsa ta tsaya da abin da zai iya kayar da ita.

Akwai dalilin da ya sa batun ya zama na gaggawa a Nijeriya. Daga shekarar karatu ta 2009/2010 aka daina koyar da tarihi a matsayin darasi mai zaman kansa a firamare da ƙaramar sakandare, sai a Nuwamba 2022 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da dawo da shi tare da horar da malamai 3,700. Ma'ana, yayyen da ƙannensu ke kawo wa jingar tarihi a yau, da yawansu ba su taɓa zama ajin tarihi ba. Suna da niyyar taimako, amma ba su da abin yi sai su buɗe waya.

2.0 Waiwaye

Bincike a kan aikin gida ya fi yawa a Amurka. Harris Cooper da abokan aikinsa sun tattara nazarce-nazarcen da aka yi daga 1987 zuwa 2003, suka wallafa sakamakon a 2006, inda suka nuna cewa alaƙar da ke tsakanin yin aikin gida da samun nasara a karatu ta fi ƙarfi ga 'yan sakandare a kan 'yan firamare. A 2008 Patall da Cooper da Robinson suka waiwayi rawar iyaye, suka tarar cewa shigar iyaye ba kullum take haifar da alheri ba. Abin da ya fi amfani shi ne su tsayar wa yaro lokaci da wurin da zai zauna ya yi aikinsa. Wannan sakamako yana da daɗin ji ga uwar da ba ta yi boko ba, domin ya nuna cewa mafi girman gudummawa tana hannunta.

Lev Vygotsky, masanin halayyar ɗan'adam ɗan Rasha da ya rasu a 1934, ya bambance abin da yaro zai iya shi kaɗai da abin da zai iya idan wanda ya fi shi ya kama masa. Tazarar da ke tsakanin biyun nan ce filin koyo. A 1976 David Wood da Jerome Bruner da Gail Ross suka gwada wannan a aikace da yara 30 'yan shekara uku zuwa biyar, aka ba su gutattsarin katako su harhaɗa dala. Sun lura cewa mai koyarwa nagari yakan ja hankalin yaro ga aikin, ya rage masa yawan abubuwan da zai riƙe a lokaci guda, ya nuna masa inda kuskure yake, ya lallashe shi idan ya ƙosa, sannan ya janye hannunsa a hankali. Sun kamanta hakan da katakan da magina ke harhaɗawa su tsaya a kai, waɗanda ake kwancewa in gini ya tashi. Bahaushe yana da hoton da ya fi wannan kusa da shi, wato tata. Mai yi wa yaro tata tana riƙe da yatsunsa, tana ja da baya, amma ƙafafun yaron ne ke takawa. In ta saɓa shi a kafaɗa za a isa ƙofa da wuri, sai dai ba a koyi tafiya ba.

Binciken da ya fi kusa da batunmu shi ne na Sam Wineburg a 1991. Ya ba masana tarihi takwas da haziƙan ɗaliban sakandare takwas takardu iri ɗaya a kan arangamar Lexington ta 1775, ya ce su karanta suna faɗin abin da ke zuwa a ransu. Masanan, har da waɗanda tarihin Amurka ba fagensu ba ne, sukan fara da duba wanda ya rubuta takarda da lokacin da ya rubuta, su gwama ta da sauran, su tambayi halin da ake ciki a lokacin. Ɗaliban kuwa sun fi amincewa da littafin makaranta, wanda masanan suka ajiye a ƙarshen sahu. Wasu ɗaliban sun fi wasu masanan sanin sunaye da ranaku, amma hakan bai sa sun iya karatun ba.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya zauna a zauren malam. Littafin Zarnuji, Ta'alimul Muta'allim, wanda aka daɗe ana karantawa a zaurukanmu, ya wajabta wa ɗalibi muzakara da munazara da jefa wa juna tambayoyi, ya kuma fifita su a kan maimaitawa kawai. Ibnu Khaldun, a Muƙaddimarsa ta 1377, ya soki ɗaliban da ke shafe shekaru a majalisin ilimi bakinsu a rufe, sun dogara ga hadda, ya ce gwanintar ilimi tana samuwa ne ta hanyar tattaunawa da muhawara. Ya kuma ware babi guda yana bayyana illar yawan taƙaitattun littattafai ga mai koyo. Duk lokacin da na ga ƙananan littattafan nan na tambaya da amsa da ake sayarwa a ƙofar makaranta gab da jarrabawar WAEC da NECO, wannan babi nake tunawa. Sannan ga ilimin hadisi, wanda aka gina shi kacokan a kan tambayar da masanan Wineburg ke farawa da ita: wa ya faɗa, daga wa ya ji? Yaron da ke zuwa islamiyya da yamma ya san ba a karɓar magana sai da isnadi. Abin takaici ne a ce da safe, a ajin tarihi, ba wanda ya gaya masa cewa wannan ƙa'ida tana aiki a nan ma.

3.0 Tambayoyi Uku

3.1 Bayajida

Tambayar takan zo kamar haka: “Bayyana asalin Hausa Bakwai.” Mai taimako na farko zai zauna ya yi shifta: Bayajida ya taso daga Bagadaza, ya biyo ta Borno, ya isa Daura, ya kashe macijin rijiyar Kusugu, ya auri sarauniya Daurama, ya haifi Bawo, 'ya'yan Bawo shida tare da Biram suka kafa Daura da Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da Rano da Biram. Yaro ya rubuta, ya sami maki, an rabu lafiya. Ba a yi ƙarya ba, domin haka labarin yake. Amma yaron ya tashi da zaton cewa kafin zuwan baƙo daga gabas babu kowa a ƙasar Hausa sai daji.

Mai taimako na biyu ba ya bukatar ya fi na farko ilimi. Zai ce wa yaron ya ba shi labarin da bakinsa, da Hausa, littafi a rufe. In ya zo wurin da Bayajida ya tsaya a Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙa, sai ya tare shi: “To su waɗannan maƙeran, su wane ne? Da wane harshe ya yi ciniki da su?” In ya zo Daura, sai ya sake tambaya: “Garin da ke da sarauniya da rijiya da masu sarauta, wa ya kafa shi?” Daga nan yaro da kansa zai ga cewa labarin ne ke ba da shaidar akwai mutane da sana'a da mulki tun kafin baƙon ya iso. Abin da Abdullahi Smith ya kafa hujja a kai ke nan a maƙalarsa ta 1970 game da kafuwar dauloli a ƙasar Hausa, inda ya nuna cewa tasowar birane da sarauta abu ne da ya ɗauki tsawon zamani daga ƙauye zuwa gari zuwa birni, kuma labarin Bayajida ya fi dacewa a karanta shi a matsayin bayanin sauyin gidan sarauta. Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, shi ma ya fara ne da Barbushe da mutanen Dala kafin ya zo kan Bagauda.

Ba a ce ɗan aji ɗaya na babbar sakandare ya karanta Smith ba. Abin lura shi ne tambayoyi biyu kacal sun kai shi bakin ƙofar da masani ya shiga, kuma kayan aikin duk suna cikin labarin da ya riga ya sani. A nan ne kaka take da abin cewa fiye da waya. Idan kakarsa ta ba shi labarin da ɗan bambanci, ta ambaci Bagwariya da ɗanta Karɓagari alhali littafin makaranta bai ambata ba, to ya sami ruwaya biyu, kuma tambayar dalilin saɓaninsu ita ce farkon aikin masanin tarihi.

3.2 Jihadin 1804

“Kawo dalilai biyar da suka haddasa jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo.” Wannan tambaya tana ɗauke da cutarta a jikinta, domin ta nemi jeri, kuma jeri abu ne da ake kwafa. Amsar da ke yawo a littattafan jinga ita ce: dalilin addini, na siyasa, na tattalin arziki, na zamantakewa, na ƙabila, kowanne da layi biyu. Yaro zai iya rubuta wannan bai san inda Degel take ba.

Mai taimako ba shi da ikon sauya tambayar malam, amma yana iya sa yaro ya cika kowane gurbi da abin da ya faru. Me Sarkin Gobir Nafata ya hana? Ya hana kowa wa'azi in ba Shehu ba, ya hana wanda bai gaji Musulunci ba ya shige shi, ya hana rawani da lulluɓi. Me ya faru da mutanen Abdussalami na Gimbana a zamanin Sarkin Gobir Yunfa? Me ya sa jama'a suka yi hijira daga Degel zuwa Gudu a Fabrairu 1804, kuma yaya aka yi a Tabkin Kwatto 'yan watanni bayan haka? Wane irin haraji da karɓe-karɓe ne Kitabul Farƙi na Shehu ya lissafa a kan sarakunan Hausa, kuma wa jangali ya fi ci wa tuwo a ƙwarya? In yaro ya bi waɗannan, zai ga cewa hana rawani doka ce ta addini kuma ta siyasa a lokaci guda, sai ya fara shakkar jerin da aka ba shi. Wannan shakka riba ce.

Mataki na gaba ya fi wuya, kuma a nan ne masu taimako da yawa ke ja da baya saboda girman Shehu a zukatanmu. Kusan duk abin da muka sani game da jihadin daga alƙalamin jagororinsa ya fito. To, akwai wanda ya yi musu? Akwai. Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi na Borno ya rubuta wasiƙu yana tuhumar halaccin yaƙar ƙasarsa, yana cewa aikata saɓo ba ya mai da Musulmi kafiri. Wanda ya adana mana wannan muhawara kuwa shi ne Muhammadu Bello da kansa, a cikin Infaƙul Maisuri na 1812. Haka nan Abdullahi ɗan Fodiyo, a Tazyinul Waraƙati, ya koka da yadda wasu mabiya suka karkata ga neman duniya tun ana tsakiyar yaƙi. Ina ganin babu darasin da ya fi wannan daraja ga ɗan shekara goma sha shida: cewa malaman da yake girmamawa sun kawo maganar abokin hamayyarsu sannan suka amsa ta, sun kuma soki nasu. Mai taimakon da ya ɓoye masa wannan don gudun ruɗa shi ya rage wa magabatan daraja ne ba tare da ya sani ba.

3.3 Shaihu Umar

Littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa yana cikin biyar ɗin da suka fito daga gasar da Rupert East ya shirya a 1933 a Hukumar Fassara ta Zariya, tare da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Tambayar da aka saba yi a kansa ita ce: “Mene ne jigon littafin?” Amsar da ake miƙa wa yara kalma ɗaya ce, bauta.

Amsa ce mai ƙarfi. An sace Umar yana ƙarami, ya ƙare a hannun Balarabe Abdulkarim wanda ya ƙetare sahara da shi, mahaifiyarsa kuma ta fita nemansa ta faɗa cikin bauta, wahala ta cinye ta. Amma wani ɗalibi na iya cewa jigon shi ne haƙuri da yarda da ƙaddara, ya kafa hujja da yadda Umar ke ba da labarin duka ba tare da ɗaci ba. Wani ya ce ilimi ne, tunda labarin ya buɗe da malami a gaban almajiransa a Rauta, kuma karatu ne ya mai da yaron da aka sace ya zama shaihi. Wani ma ya ce makircin fada ne, domin da ba a ƙulla wa Makau, mijin mahaifiyar Umar, sharri an kore shi ba, da iyalin ba su watse ba. Hanyoyin nazarin da malamanmu suka shimfiɗa, irin na Abdulƙadir Ɗangambo a rubutacciyar waƙa da na Sa'idu Muhammad Gusau a waƙar baka, duk sun raba babban jigo da ƙananan jigogi, sun kuma nemi a warware jigo da shaida daga cikin matani. Warwarar ita ce aikin. Don haka taimakon da ya dace a nan gajere ne: “Kai me ka gani? Nuna mini shafin.” In yaro ya kasa nuna shafi, an gano ainihin matsalar, wato bai karanta littafin ba, ko kuma ba shi da shi. Maganin wannan aron littafi ne da zama a karanta babi ɗaya tare, da murya.

4.0 Masu Taimakon

Cikas na farko a gida shi ne harshe. In ban da darasin Hausa da Larabci, jinga da Ingilishi take zuwa, a Nijar kuma da Faransanci, sai iyaye su ɗauka ba su da ta cewa. Gwajin da Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da yara shekara shida na firamare da Yarabanci, ya nuna cewa fahimtar abu da harshen uwa ba ta hana ƙwarewa a Ingilishi. Uba da bai iya karanta tambayar ba yana iya cewa, “Fassara mini abin da malam yake nema.” Sau da yawa a wurin fassarar ne yaro ke gane cewa shi ma bai fahimci tambayar ba, ko ya gane cewa an ce ya kwatanta ne shi kuma yana ta lissafawa. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba: yarinyar da ta dawo makaranta ta shiga wanke-wanke da raino da talla har isha, babban taimakon da take bukata shi ne a ɗauke mata aiki na sa'a guda, a bar mata fitila.

Malamin lesin yana cikin tarko na daban. Iyaye ne ke biyansa, kuma abin da suke gani shi ne makin da ke littafi. In ya tsaya yana jan yaro da tambayoyi, aka dawo da shida bisa goma, sai a ce bai iya ba. In ya yi shifta aka dawo da goma, sai a ƙara masa yara. Gyaran wannan yana hannun masu biya, su riƙa tambayar yaron abin da ya rubuta a gaban malamin.

Sai waya. Tun da aka saki ChatGPT a ƙarshen Nuwamba 2022, aka kuma sa Meta AI cikin WhatsApp a Nijeriya a 2024, amsa ta zama abin da ake samu da datar naira kaɗan. Waɗannan manhajoji na ƙirƙirarriyar basira suna aiki ne ta hanyar hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo baya, bisa ɗimbin rubutun da aka horar da su da shi. Rubutun Hausa da ke intanet kaɗan ne in an gwada da na Ingilishi, kuma yawancin littattafan adabinmu ba su hau can ba. Sakamakon haka manhaja na iya jingina wa Aƙilu Aliyu baitin da bai taɓa yi ba, ko ta ƙaga sunan tauraro a littafin da ba shi a ciki, kuma ta faɗa da cikakkiyar natsuwa. Hana yara taɓa waya ba zai yiwu ba, kuma ban ga alherinsa ba. Abin da zai yiwu shi ne a ɗauke ta a matsayin mai ruwaya wanda ba a san adalcinsa ba: duk abin da ta faɗa sai an nemo shi a littafi kafin a rubuta. Ɗalibin da ya kama manhaja da ƙarya a kan Ruwan Bagaja, ya buɗe shafi ya tabbatar, ya yi irin aikin da masanan Wineburg suka yi. Tana kuma da amfani in aka juya ta, yaro ya rubuta amsarsa da kansa sannan ya ce ta kawo masa hujjar da za ta rushe ta.

5.0 Rabon Malami

Ba adalci ba ne a ɗora wa gida laifin duka, domin irin tambaya ita ke kiran irin taimako. “Kawo biyar” tana kiran kwafi. “Tambayi wani dattijo a unguwarku yadda unguwar ta samo sunanta, sannan ka tambayi wani daban, ka rubuta inda suka saɓa” ba ta da amsa a waya, kuma tana mai da jahilin boko ya zama madogara. Haka “Zaɓi karin magana uku da ka ji a gidanku a wannan mako, ka faɗi wanda ya yi su da abin da ya jawo.” Yusufu Bala Usman, a aikinsa kan tarihin Katsina da aka wallafa a 1981, ya dogara sosai ga irin waɗannan ruwayoyi na baka, tare da tsananta bincike a kan kowace. Ba abin da zai hana ɗan sakandare ɗanɗana wannan a ƙaramin mataki.

Za a ce aji ya cika. Gaskiya ne, manufar ilimi ta ƙasa ta tsayar da ɗalibai 40 ga malami ɗaya a babbar sakandare, kuma malamai da yawa a makarantun gwamnati suna tsayawa gaban ninkin haka. Amma makarantar allo ta daɗe da warware irin wannan. Ba a yi wa almajiri ƙari sai ya biya na jiya da bakinsa a gaban malam ko gardi, kuma ba wanda zai iya biya masa. In malamin tarihi ya ware minti goma a farkon kowane darasi, ya kira ɗalibai biyar ba tare da sanarwa ba, kowanne ya kare jingarsa na minti biyu littafi a rufe, to a darasi biyu a mako zai zagaye aji mai ɗalibai 80 cikin mako takwas. Da zarar yara sun san ana biyawa, su da kansu za su fara ce wa yayyensu, “Tsaya ka fahimtar da ni, tambayata za a yi.”

Shawara ta ƙarshe ƙarama ce kuma ba ta cin ko kwabo. A ƙasan kowace jinga a bar layi biyu: wa ya taimake ka, kuma da me? Yaro ya rubuta “Kakata ta ba ni labarin,” ko “Yayana ya gyara mini Ingilishi,” ko “Na tambayi Meta AI, na duba a littafi shafi kaza.” A ba da maki biyu a kan cika wannan layi da gaskiya, kada kuma a hukunta wanda ya ambaci waya, domin in aka hukunta na farko sauran za su ɓoye. Da wannan malami zai san gidan da babu littafi, da yaron da ba shi da kowa sai waya, da wanda malamin lesinsa ke yi masa shifta, ya kuma san wanda zai fara kira ranar biyawa.